Ambaliya: Laifin Sama Ne Ko Laifin Ƙasa?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Yau maganar ruwa za mu yi. Ba na son mu tsaya a jaje da "Allah ya kiyaye gaba" kawai, duk da cewa addu'ar tana nan a bakinmu kullum. So nake mu zauna mu duba abin da masana labarin ƙasa, wato masu nazarin ƙasa da koguna da yanayi da yadda mutane ke zama a kansu, suka gano game da ambaliyar da ta dame mu a 'yan shekarun nan. Na ɗan karanta abubuwan da suka rubuta, zan yi ƙoƙarin kawo muku shi da Hausar da ni da ku muke yi a majalisa.

Bari mu fara da tuna baya kaɗan.

Daren 9 ga Satumba wayewar 10 ga wata, shekarar 2024, madatsar ruwan Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Kafin gari ya waye ruwa ya shiga Maiduguri. Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa, duk ruwa ya shiga. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Yawancin dabbobin gidan zu suka mutu, fursunoni sama da 270 suka fice bayan katangar gidan yari ta faɗi. Bayan 'yan makonni kuma aka sanar da ɓarkewar amai da gudawa a jihar. Dattawan garin sun ce rabonsu da ganin irin wannan tun 1994, kuma a wancan lokacin ma daga Alau ruwan ya zo.

A wannan daminar dai, Jamhuriyar Nijar ta rasa kusan mutum 400, abin ya shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi. A Damagaram, tsohon masallacin ƙasa da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe a farkon watan Satumba. Chadi ta rasa sama da mutum 500. Sai ƙarshen watan Mayun 2025, damina ko kankama ba ta yi ba, ruwa ya afka wa Mokwa a jihar Neja da asuba, ya kashe sama da mutum 150 a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, wasu da yawa kuma ba a gan su ba. Idan muka ƙara komawa baya, a 2022 Najeriya ta rasa sama da mutum 600, a 2012 kuma 363.

To tambayar ita ce: ruwan ne ya ƙaru, ko mu ne muka canza? Amsar da masana ke bayarwa ita ce duka biyun. Sukan ce bala'in ambaliya abu uku ne suke haɗuwa su haife shi: ƙarfin ruwan da ya zuba, da abin da ya tarar a kan hanyarsa, da kuma ƙarfin waɗanda ya tarar ɗin wajen kare kansu. Ruwan da ya zuba a dajin da ba kowa, ba a kiransa bala'i. Wannan ruwan dai, idan ya sauka a unguwar gidajen ƙasa da ke cikin kwari da ƙarfe uku na dare, shi ne ake kwana ana jana'iza. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, sama.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi a kimiyya: duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, iskar tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100. Ku ɗauka kamar soso ne da ya ƙara girma. Ya fi shan ruwa, idan aka matse shi kuma ya fi zubarwa. Duniya yanzu ta ɗumama da fiye da digiri 1 idan aka kwatanta da kafin zamanin masana'antu, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ta kai kusan digiri 1.5, ta zama shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin.

Amma a yankinmu na Sahel akwai wani ƙarin abu. A 2017 wani masani ɗan Birtaniya, Christopher Taylor, da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature. Sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, daga 1982, suna ƙirga manya-manyan hadarin nan masu tasowa daga gabas, waɗanda za ka ga gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, sannan a kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sun gano cewa yawan mafiya ƙarfi a cikin irin wannan hadari ya ninka sau uku a cikin waɗannan shekarun. Dalilin da suka bayar shi ne, hamadar Sahara tana ƙara zafi da sauri fiye da ƙasashen da ke kudu da ita. Wannan bambancin zafi tsakanin arewa da kudu yana sauya yadda iska ke kaɗawa a sama da ƙasa, sai hadarin ya samu ƙarfin haɗuwa ya yi girma.

Kun ga abin da wannan ke nufi ga manomi? Ana iya samun shekarar da jimillar ruwanta bai wuce na da ba sosai, amma maimakon ya zo a hankali, yau kaɗan jibi kaɗan, sai ya zo a dunƙule cikin 'yan kwanaki, a tsakani kuma a yi ta jiran ruwa har shuka ta fara yaushi. Shi ya sa za ka ji mutum ɗaya yana kukan fari a watan Yuni, a watan Agusta kuma yana kukan ambaliya. Duka biyun gaskiya ya faɗa.

Akwai kuma wata ƙungiyar masana mai suna World Weather Attribution. Aikinsu shi ne, idan bala'i ya faru, sai su sa kwamfuta ta kwatanta duniya biyu: wadda muke ciki, da wadda da za mu kasance a ciki da ba a cika sararin sama da hayaƙin man fetur da gawayin kwal da gas ba. Da suka yi wa daminar 2022 wannan lissafi, sun ce a yankin Tafkin Chadi sauyin yanayi ya ninka yiwuwar samun irin wannan ruwa kusan sau 80, ya kuma ƙara masa ƙarfi da kusan kashi 20 cikin 100. A kan daminar 2024 kuma sun ce ya ƙara wa ruwan ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin 100 a yankunan Kogin Kwara da Tafkin Chadi.

To sama ta canza, wannan babu musu. Kuma abin haushin shi ne, Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke jawo wannan. Zan dawo kan wannan a ƙarshe.

Na biyu, ƙasa.

Nan ne labarin ya fi ba ni mamaki. Iyayenmu suna ba mu labarin farin 1973 da na 1984. A waɗannan shekarun ruwan sama ya ragu sosai a duk faɗin Sahel. Hankali zai ce tunda ruwa ya ragu, to ruwan da ke gudu a rafuka ma zai ragu. Amma da masu auna koguna suka duba wasu rafukan Burkina Faso da Nijar, sai suka ga akasin haka: ruwan sama ya ragu, ruwan da ke gangarawa rafi kuma ya ƙaru. Abin ya ɗaure musu kai har suka sa masa suna, ma'anarsa da Hausa kamar a ce "abin ɗaure kai na Sahel".

Bayanin da suka gano, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shi. Fari ya kashe itatuwa da ciyawa, mutane sun ƙaru, an sare daji an mayar gona, an daina barin gona ta huta. Ƙasar da ba ta da abin rufa, idan ɗigon ruwa ya yi ta dukanta, sai samanta ya daskare ya zama fako. Fako kuwa ba ya shan ruwa. Ruwan da a da zai nutse ya ciyar da rijiya da saiwar itace, yanzu zamewa yake ya bi gangare, ya kwashi yashi da jar ƙasa, ya zaftare bakin korama, ya faɗa kogi cikin 'yan sa'o'i.

Birnin Yamai shi ne babban misali. Kogin Kwara yana cika sau biyu a can. Akwai cikar da ke zuwa da sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali a hankali, ya ɗauki watanni kafin ya iso. Akwai kuma cikar damina, wajen Agusta da Satumba, wadda ake kira jan ruwa saboda jar ƙasar da yake ɗauke da ita daga rafukan Sirba da Dargol da Gorouol, masu gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso. A da, cikar lokacin sanyi ita ce babba. Yanzu jan ruwa ya sha gabanta. A 2012 ya kafa tarihi, a 2019 ya sake, a watan Satumban 2020 kuma ma'aunin kogin a Yamai ya kai kusan mita 7, ya fasa shingayen da aka yi, ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa.

Wannan yashin da ruwa ke kwasowa kuma ba ɓacewa yake ba. Zama yake a gindin kogi da gindin dam. Kogin da cikinsa ya cika da yashi kamar kwano ne da aka zuba wa tsakuwa, ruwa kaɗan ya ishe shi ya tumbatsa. Dam ma haka, kowace shekara wurin ajiyarsa raguwa yake idan ba a yashe shi.

Mu zo gida, kwarin Haɗeja. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kafin su, kogin cika yake da damina ya malale fadama, da rani ya janye har wasu hanyoyinsa su bushe. Bayan dam, sai ya zama ana sakin ruwa kusan duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kachalla daɗi, domin tana son ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sakamakon haka, wani gari ruwa ya daina isa gare shi, wani garin kuma ruwa ya koma kwana a gonakinsa. Mutanen Auyo da Haɗeja da Guri da Nguru sun fi kowa sanin wannan. Tun a shekarun 1990 masu bincike suka yi lissafi suka nuna cewa ruwan da ke malala fadamun Haɗeja da Nguru yana samar da arziki mai yawa ta hanyar kifi da kiwo da shinkafa da itace, har ya fi abin da daidai wannan ruwan ke samarwa a manyan ayyukan noman rani na sama. Darasin shi ne, malalar fadama ta asali alheri ce. Matsalar tana farawa ne idan aka birkita lokacinta da hanyarta.

Na uku, mu kanmu.

A 2023 wasu masu bincike, akasarinsu daga Bankin Duniya, suka wallafa wani aiki shi ma a Nature. Sun bi hotunan tauraron ɗan'adam daga 1985 zuwa 2015 suna duba inda ake sababbin gine-gine a duniya. A wuraren da ba su da haɗarin ambaliya, gine-gine sun ƙaru da kusan kashi 80 cikin 100. A wuraren da suka fi kowane haɗari kuwa, sun ƙaru da kashi 122 cikin 100. Wato duniya tana gini da sauri a daidai inda ruwa ke bi. Dalili? Tudu mai kyau an riga an cinye shi, ko ya yi tsada. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne kwari da bakin rafi.

Ni ganau ne a kan wannan. A unguwar da na tashi akwai wani babban kududdufi a bayan layinmu. Muna yara muna tsanarsa saboda sauro da wari, iyaye kuma suna tsoron kada yaro ya faɗa. Duk ruwan layuka huɗu ko biyar can yake tafiya. Ina sakandare aka fara cike shi da shara da ɓaraguzai, aka yanka shi fuloti-fuloti aka sayar. Mun yi murna wallahi, muka ce an kawo ci gaba. Damina ta biyu bayan an gama ginin, ruwa ya shigo mana tsakar gida cikin dare har gwiwa. Ni da ƙannena muka kwana muna kwalfewa da bokiti, Umma tana ɗora buhun masara a kan gado. Katangar maƙwabcinmu ta faɗi. Da safe wani tsoho a layin ya ce mana, "Ai ku kuka tare masa ɗaki, ya zo naku." A lokacin dariya muka yi. Sai da na je jami'a na gane bayanin kimiyya tsantsa tsohon nan ya yi mana.

Kududdufan tsofaffin biranenmu irin su Kano da Zariya da Katsina sun samo asali ne daga ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Ba da niyya aka yi ba, amma sun zama ma'ajiyar ruwan damina na ɗaruruwan shekaru. Yanzu ana cike su, ba tare da an tanadi inda ruwan zai koma ba.

Bari in ba ku wani lissafi da za ku iya yi da wayarku. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai kusan murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, fulotin nan shi kaɗai ya karɓi sama da lita 23,000. Jarka mai lita 25 sama da 900 ke nan. Idan tsakar gidan ƙasa ce da bishiya, wani kaso zai nutse. Idan kwano ne a sama, siminti a ƙasa, kusan duka waje zai fita. Yanzu ku ninka da gidajen unguwarku, sannan ku leƙa kwatar da ake so ta ɗauki wannan ruwan, ku ga ledar fiya wata da robobin lemo da ke ciki.

A Mokwa, abin da bayanai suka nuna shi ne ruwa ya taru a bayan tudun titin jirgin ƙasa saboda hanyar da zai wuce ta ƙarƙashi ta toshe. Da ya fi ƙarfin tudun sai ya fasa, ya sauko wa mutane gaba ɗaya suna barci. A Alau, dam ne da aka gama tun 1986, ya tsufa yana neman gyara. Kano ma ta taɓa ganin irin wannan a 1988 lokacin da dam ɗin Bagauda ya ɓalle. A duk waɗannan, ruwan sama ya yi nasa, amma abin da ɗan'adam ya gina ya bari ba kulawa shi ya mayar da abin kisa.

Sai maganar Lagdo. Duk shekara za ku ji an ce "Kamaru ta sako ruwa". Gaskiya ne akwai dam ɗin Lagdo a kan Kogin Binuwai kusa da Garwa, an gama shi a 1982, kuma idan aka buɗe shi mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai suna ji a jikinsu. Gaskiya ne kuma an tsara Najeriya za ta gina nata dam ɗin a Dasin Hausa a jihar Adamawa domin ya tare ruwan, yau sama da shekara 40 ba a gama ba. Amma mu sani, Binuwai yana karɓar ruwa mai yawan gaske a cikin Najeriya daga kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala. Kuma ruwan Lagdo ba ya zuwa Maiduguri, ba ya zuwa Haɗeja, ba ya zuwa Mokwa. Ɗora wa maƙwabci laifi yana da daɗi, domin yana hutar da shugabanni daga amsa tambaya.

Akwai wata kalma da nake so mu gyara fahimtarta. Za ku ji an ce "wannan ambaliya ce ta sau ɗaya a shekara 100". Mutane sai su ɗauka tunda ta zo bana, an huta sai jikoki. Ba haka ake nufi ba. Ana nufin kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo, ko da ta zo bara. Idan ka zauna a irin wannan wuri shekara 30, yiwuwar ta same ka aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26 cikin 100, wato sama da ɗaya cikin huɗu. Kuma wannan lissafin da ruwan da aka auna a shekarun baya aka yi shi. Yawancin gadoji da kwalbatocinmu da tsohon ma'auni aka gina su, wasu ma a shekarun fari. Sama ta canza, kwalbati yana nan yadda yake.

To me masana ke yi yanzu?

Babban abin da ya sauya aikin shi ne tauraron ɗan'adam. Akwai masu amfani da na'urar rada, irin Sentinel-1 na Turai, waɗanda ke ganin ruwa a ƙasa ko da hadari ya rufe sama, ko da dare ne. Da su ake zana taswirar inda ruwa ya kwanta bayan ambaliya, kuma hotunan kyauta ne ga duk mai intanet. Ana haɗa su da taswirar tudu da gangare a gano unguwar da ruwa zai fara shiga. Kamfanin Google ma yana da shafin Flood Hub da ke hasashen cikar koguna kwanaki kafin ta zo, kuma Najeriya na ciki. A gida, hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin damina ta kankama. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da ke wa yankin Sahel irin wannan aiki.

Amma akwai giɓi biyu. Na farko, ma'aunai a ƙasa sun yi mana kaɗan. Yawan tashoshin auna yanayi a Afirka kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na abin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce ya kamata. Kwamfuta kuwa da abin da aka ba ta take aiki. Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, gargaɗin ba ya isa ga mai buƙatarsa. Ana ƙaddamar da rahoto a otal a Abuja, da Turanci, a ce jiha kaza tana cikin haɗari. Matar da ke bakin rafi a ƙauye, abin da take buƙata shi ne a ce mata da harshenta: ruwa na zuwa gobe, ki kwashi yara ki tafi makarantar firamare ta kan tudu. An ƙiyasta cewa gargaɗin sa'a 24 kacal yana iya rage ɓarna da kusan kashi 30 cikin 100. Kun ga ba ƙaramin abu muke asara ba.

Labari mai daɗi kuma daga maƙwabta ya fito. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itatuwa a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke, abin da suke kira sassaben zamani. Da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200, gawo da sauransu. A jihar Tawa kuma ana haƙa ramukan tassa da rabin wata a kan fako, ruwa ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu. Wannan ba zai tare ɓallewar dam ba, amma duk ɗigon da ya nutse a gona, an rage wa kogi shi, an kuma ƙara wa rijiya.

Yanzu namu aikin, mu matasa.

Ka san unguwarka. Idan an yi ruwa mai ƙarfi, bayan ya ɗauke ka zaga ka ga ina ya bi, ina ya kwanta, wane kwalbati ne ya toshe. Ka ɗauki hoto da kwanan wata. Ka tambayi tsofaffi iya inda ruwa ya taɓa kaiwa, da inda tsohuwar hanyarsa take kafin a yi gini. Wannan bayanin ko tauraron ɗan'adam ba shi da shi, kuma shi ne hujjarku idan kun je gaban kansila ko shugaban ƙaramar hukuma.

Yashe kwata a yi shi tun watan Afrilu da Mayu, kuma a kwashe abin da aka fito da shi. Mun sha ganin an yashe an tara a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da shi ciki.

Idan hasashen NiMet ko NIHSA ya fito, mai Turanci a cikinmu ya karanta, ya yi saƙon murya na minti biyu da Hausa ya tura guruf ɗin unguwa da na 'yan'uwa a ƙauye. A kai wa mai unguwa, a kai wa liman ya sanar. A kuma yarda tun yanzu a kan inda za a taru idan abin ya zo da dare, da wanda zai ɗauko tsofaffi da marasa lafiya.

Idan za ka sayi fili, ka je ka gan shi a watan Agusta. Filin da ya yi araha fiye da kima da rani, ka tambayi dalili.

Idan ruwa ya zo, kada ka gwada jarumta. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. A kashe wutar lantarki, takardun makaranta da na gida su kasance a leda a wuri mai tsayi. Bayan ruwa ya janye kuma a tafasa ruwan sha, domin rijiya da masai sun riga sun gauraya.

Sannan mu yi tambaya. Akwai kuɗin da ake warewa daga asusun tarayya domin matsalolin muhalli, jihohi da ƙananan hukumomi suna karɓar kasonsu. Nawa jiharka ta karɓa bara, me aka yi da shi? Yaushe aka yi wa dam ɗin da ke saman garinku binciken lafiya na ƙarshe? Wa ya sa hannu aka yanka kududdufi da hanyar ruwa? Waɗannan tambayoyi ne na ɗan ƙasa, a yi su cikin ladabi, a rubuce, a kuma yi ta maimaitawa. Buhun shinkafa da katifa bayan an binne mutane ba su isa amsa ba.

A matakin duniya kuma, a taron yanayi na 2022 a Masar an amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna ga ƙasashe irin namu. A taron Dubai na 2023 alƙawuran farko sun kai kusan dala miliyan 700, alhali ambaliyar 2022 a Najeriya kaɗai ta yi ɓarnar biliyoyin daloli. Haƙƙinmu ne mu nemi wannan kuɗin da babbar murya. Sai dai wanda zai je neman haƙƙi a waje, ya kamata ya iya nuna abin da ya yi da na gida.

Jama'a, a nan za mu dakata. Ga aikin gida: kafin shiri na gaba, kowa ya nemi dattijo ɗaya a unguwarsu ya tambaye shi ina ruwa yake bi shekara 30 da suka wuce, sannan ya je ya ga abin da ke wurin yau. Ku turo mana abin da kuka gano, za mu karanta wasu a shirin.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a Maiduguri da Mokwa da Maraɗi da sauran wurare, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.